Dashe a Gonar Aro

Samarin da ake turo mini gida a Takur domin in yi musu bayanin aikin gandun daji, kusan dukansu da tambaya ɗaya suke zuwa: wane itace ne ya fi saurin girma. Wannan tambaya kaɗai ta isa ta nuna mini cewa ba su san abin da suka zo nema ba. A ganinsu dashe shi ne a tona rami, a jefa tsiro, a tsaya a ɗauki hoto. Saboda haka na ga ya fi in rubuta abin da na sani sau ɗaya, in huta da maimaitawa. Wanda ya ga ya yi masa tsawo, ya nemi wata sana'ar.

Tankaɗe ƙasa shi ne aikin farko da aka ba ni, a wani gandun renon dashe da ke kusa da Ringim, tun muna ƙarƙashin Jihar Kano. Na fito daga makarantar mishan da rubutu mai kyau da wando mai guga, ina zaton tebur za a ba ni. Shugaban gandun, wani dattijo da kowa ke kira Baba Sarki, ya dubi wandon, ya dubi takalmin, ya miƙo mini rariya. Na yi rani guda ina tankaɗe yashi da jar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ina ɗura su a leda. Ɗurin leda ma ilmi ne. In ƙasar ta yi sako-sako, ruwan farko zai zaftare ta, saiwa ta rasa abin kamawa. In kuwa ta danƙare, saiwar ta kasa ratsawa. Baba Sarki yakan bi jerin ledojin yana danna babban yatsansa a bakin kowace. In yatsan ya nutse a guda ɗaya, jerin gaba ɗaya zai sa a zazzage a sake. Abokan aikina sun tsane shi saboda wannan hali. Ni ban ga laifinsa ba, domin a makaranta an riga an koya mana cewa aikin da aka yi rabi da rabi sunansa aikin da ba a yi ba.

Kowane iri da halinsa. Ƙwallon darbejiya ba ya jira. Ka tsince shi nunanne, ka wanke, ka shuka nan da nan, in ka bar shi ya daɗe a buhu ka yi aikin banza. Irin gawo kuwa taurin kai gare shi, sai an jiƙa shi a ruwan zafi, ko a je turken awaki a tsinto wanda ya riga ya bi ta cikin akuya, shi ne ma ya fi kowanne tsira. Irin itacen turare ƙanana ne kamar garin barkono, ba a zuba masa ruwa da bakin buta, sai dai yayyafi. Sannan ga ɗaga leda, aikin da malalaci ya fi ƙi. Saiwa takan huda gindin leda ta kama ƙasa, tilas a riƙa ɗaga kowace leda ana datse saiwar da wuƙa mai kaifi. Wanda ya yi sakaci, ranar fitar da dashe zai fizga, uwar saiwa ta tsinke a ƙasa, ya miƙa wa manomi tsiro kore shar alhali ya riga ya mutu. Ba a tashi daga aiki sai an wanke shebur da diga, an kife baro, an naɗe igiyar awo. Gandun da ka ga igiyarsa a yashe, kada ka karɓi dashensa.

Masu zuwa karɓar dashe su ma iri-iri ne. Liman yana son darbejiya domin inuwar masallaci. Hedimasta yana son duk abin da aka ce kyauta ne. Mata kan aiko a karɓo musu zogale da lalle, kuma su ne ba su taɓa bari nasu ya mutu ba. Manomi kuwa tambayoyinsa biyu ne, ko akuya tana cin wannan itace, ko kuma inuwarsa za ta danne masa gero. Manomi ba ya ƙin itace, kamar yadda mutanen ofis suke zato. Yana dai auna shi da abin da zai shiga rumbu.

Da aka ƙirƙiri jiha aka mayar da mu Dutse, sai aka kawo wani shiri na yaƙi da hamada, da tallafin wasu masu ba da agaji daga waje. Ofishinmu gidan haya ne, zauren gidan shi ne ɗakin taro. Aka sa ni a kwamitin shirin a matsayin mai kula da gandunan reno. A wannan zaure na fara jin kalmar da yanzu ta zama ruwan dare, wato ci gaba mai ɗorewa. Kowa yana faɗarta, kowa yana gyaɗa kai, amma da muka zo yanke shawara sai ta bayyana cewa kowa da abin da yake nufi.

Darakta, shugaban shirin, mutum ne mai gaskiya da ƙwazo. Ya je arewa ya ga garuruwan da yashi ya binne musu katanga, abin bai bar zuciyarsa ba. A wurinsa ɗorewa ita ce itace, domin shi ne zai tsaya bayan mun kwanta, shi ne rabon jikoki. Malam Shehu, shugaban sashen noma, gajeren mutum mai kaifin baki, ya ce jikan da ake yi wa tanadi sai kakansa ya ci tuwo kafin a haife shi. A wurinsa ɗorewa ita ce taki ya isa ga manomi kafin ruwa ya faɗi, magidanta su daina barin gari. Yakan kira jerin itatuwan Darakta abincin gara. Darakta kuma yakan ce takin zamani goro ne ga mai yunwa, ya wartsake shi bai ƙosar da shi ba. Na uku shi ne Alhaji Wakili, dattijon da ke wakiltar hakimai. Shi ba ya yawan magana. Abin da ya yarda da shi, duk abin da ya taɓa zaman mutane da junansu ba zai ɗore ba, ko itace ne ko taki.

Ni ma na kawo tawa. Na ce a koya wa manoma su riƙa barin gawon da ya tsiro da kansa lokacin sassabe, su gyara shi su kare shi, domin ba ya bukatar leda ko ban ruwa, kuma da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana. Darakta ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi murmushi.

"Malam Dauda, a wane rahoto zan sa itacen da Allah ya dasa?"

Aka yi dariya, aka wuce.

An shafe zama da yawa ana wannan ja-in-ja, har damina ta fara matsowa. Daga ƙarshe aka yi abin da kwamiti kan yi in ya gaji, wato aka ɗaure ra'ayi biyu da igiya ɗaya. Aka yanke cewa za a ba manoma taki, amma sai wanda ya dasa jerin itace a iyakar gonarsa kuma ya raya shi. Darakta ya tashi yana ganin ya sami itatuwansa, Malam Shehu yana ganin ya sami takinsa. Alhaji Wakili ya shafa fatiha.

Awon iyakar gona shi ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Miga, inda na sadu da Malam Idi. Magidanci ne mai iyali, ba shi da wata sana'a sai noma, gonarsa kuma guda ɗaya ce, jigawa ce da ta gaji. A gaban jama'a ya tambaye ni ko zai iya dasa nasa rabon a tsakar gida. Na ce ƙa'ida ta ce iyakar gona. Ya ce to bayan gida fa. Na ce iyakar gona. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya biyo ni gindin babur ya gaya mini abin da ke nan. Gonar ta aro ce.

Ku da kuka tashi a birni sai an yi muku bayani. A ƙasarmu mai aron gona yana shuka abin da zai girbe a shekara, amma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya. Wanda ya dasa itace a ƙasa ya ce ƙasar tasa ce, ko bai buɗe baki ba. Mahaifin Malam Idi ne ya ari gonar a hannun wani Alhaji da ya koma Kano da kasuwanci. Kowace kaka akan aika masa da damin gero, ba don ya ci ba, sai don a nuna an san mai gona. Alhajin ya tsufa, 'ya'yansa kuwa haifaffun birni ne, ba su ma san hanyar gonar ba. Mutanen ƙauyen sun sani, amma ba mai ambata.

"Malam," in ji shi, "aron da ya daɗe, shiru ne yake riƙe da shi. Don Allah kada sunana ya fito daga bakinka."

Na yi masa alkawari. Na kai maganar kwamiti ba tare da suna ba, na ce akwai masu noman aro waɗanda wannan sharaɗi ya sa su tsakanin taki da gona. Darakta bai yi gardama ba. Ya ce wannan gaskiya ne, a kawo sunayensu a ɗauke musu sharaɗin. A nan ne Alhaji Wakili ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce ranar da hukuma ta kira mutum mai aro a bainar jama'a, ranar ce mai gona zai tuna yana da gona, kuma ba dagacin da zai yarda ya nuna irin waɗannan mutane da yatsa. Malam Shehu ya ce abin mai sauƙi ne, a soke sharaɗin, a ba kowa taki. Darakta ya ce in an soke ba wanda zai dasa ko tsinke, kuma masu agaji ba su yarda da maganar taki ba sai domin itatuwan. In itace ya fita, taki ma ya fita, kowa ya rasa. Malam Shehu ya ce ashe dai gara ce za ta raba mana gardama. Darakta ya juyo ya tambaye ni ko mutanen suna da yawa. Na ce ban sani ba, kuma ba hanyar da zan bi in sani ba tare da na tona su ba.

Na daɗe ina nazarin wannan zama. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba wanda yake neman wani abu domin kansa. Kowanne ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya riƙe gam. Aka kira sallar azahar, aka ce ƙa'ida tana nan, maganar masu aro kuma za a duba ta nan gaba. Ba a sake ɗaga ta ba.

Na koma na gaya wa Malam Idi yadda aka yi. Ya ce geron bara bai kai shi ko tsakiyar rani ba, in bai sami taki bana ba, da gonar da babu duk ɗaya ne. Ya zo da jakinsa ya ɗauki darbejiya. Na nuna masa zurfin rami, da yadda ake yanke leda ba tare da ƙasar ta warwatse ba, da yadda ake barin ɗan kwari a gindi domin ya tare ruwa. Ban taɓa koya wa wani manomi abu ya bi shi daki-daki kamar shi ba.

Wannan shekara ita ce mafi muni a duk aikina. Ruwa ya faɗi da wuri, muka fitar da dashe, jama'a suka dasa, sai sama ta ɗauke. Ga wahalar man fetur, tankar ruwanmu tana ajiye a Dutse kamar kabari. Abin da rana ta bari gara ta ci, abin da gara ta bari awaki suka ƙarasa. Na bi ƙauyuka a kan babur ina ganin sandunan da muka yi rani muna reno sun bushe ƙamas. Mafi yawan manoma dama don taki suka karɓa, da suka sami takin suka bar wa Allah sauran, ma'aikatanmu masu duba dashen kuma suka kau da kai domin kowa ya ga halin da ake ciki. Da Malam Idi ya yi kamar sauran, da ba wanda zai san ya taɓa dasa wani abu. Amma yana tsoron in nasa ya mutu a zo ana yi masa tambayoyi a kan gonar, kuma shi ba mutum ne da zai iya kallon abin da ya dasa yana mutuwa ba. Shi da matarsa suka riƙa ɗauko ruwa a kan jaki daga rijiyar gari. Ya zuba toka saboda gara, ya kewaye kowane tsiro da ƙaya. Da ruwa ya dawo, nasa duka suna tsaye. A duk ƙasar Miga ban ga kamarsu ba.

Bayan damina ta biyu masu agaji suka aiko baƙi su ga abin da aka yi. Darakta yana neman wurin da zai nuna, masu dubawa suka ambata masa gonar Malam Idi. Na ce hanyar ƙauyen yashi ce, mota za ta kafe. Malam Shehu ya ce motarsa ta shiga inda ya fi nan. Ba abin da ya rage mini in faɗa sai abin da na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Aka tafi da motoci da mai ɗaukar labari na gidan rediyo. Malam Idi ya fito da rigarsa ta Juma'a, yana amsa tambaya da kalma ɗaya ko biyu, idonsa a ƙasa. Darakta ya riƙe hannunsa a gaban baƙi ya ce ga ci gaba mai ɗorewa nan da idonsu. A rediyo kuwa an yi ta maimaita gonar Malam Idi, gonar Malam Idi, har Kano aka ji.

Tsohon Alhajin mai gonar ya aiko cewa ba komai, tsakaninsa da gidan Malam Idi sai alheri. Amma 'ya'yansa ma sun ji. Shekaru suka wuce, darbejiyar ta yi tsawo ta yi kauri, ta tare iska, geron da ke bayanta ya fi na maƙwabta kyau. Shirinmu ya ƙare wa'adinsa aka rufe. Darakta ya sami wani aiki ya bar jihar, Malam Shehu ya yi ritaya, Alhaji Wakili ya riga mu gidan gaskiya.

Alhajin mai gonar ya rasu a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da kowa yake ɗaukar tsohuwar magana yana kai wa alƙali. Da kaka ta yi, Malam Idi ya aika da damin gero kamar kullum. Babban ɗan marigayin, Alhaji Nasiru, ya mayar masa da shi. Duk ƙauyen suka san abin da ke tafe.

An kira ni shaida a kotu. Aka tambaye ni ko mutumin ya dasa ne domin ya mallake gonar, na ce sharaɗin taki ne ya sa shi, na bayyana yadda aka yi tun daga farko. Alƙalin mutum ne mai haƙuri, ya saurari kowa. Malam Idi bai musa cewa aro ne ba, bai ma yarda a rantsar da kowa ba. Aka yanke cewa gona ta magada ce, zai girbe abin da ya shuka ya fita. Itatuwan kuwa nasa ne; ko magada su saye su a matsayin itacen da aka sare, ko ya kwashe abinsa. Alƙali ya nemi Alhaji Nasiru ya duba zumuncin iyaye. Ya ce shi ba shi da ƙiyayya da kowa, amma gado ne na mutane da yawa, har da marayu, sayarwa za su yi su raba, mai saye kuma ba ya son gonar da ke da alamar wani.

"Allah gafarta Malam, ko kututture kada a bari. Darbejiya tofowa take yi. Gobe 'ya'yansa su zo su ce itacen ubansu ne."

Ban ga inda ya yi ƙarya ba, shi ma.

Bayan an gama girbi Malam Idi ya same ni a ofis. Doka ta ce ba a sare itace irin wannan sai da sanin malamin daji, saboda haka dole ta hannuna za a bi. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya daɗe yana juya hularsa.

"Malam, kai ka koya mini dasawa. Na san sara ba ya kashe ta. Yaya ake yi?"

Ba a koya mana wannan a gandu ba, amma wanda ya san yadda itace yake rayuwa ya san inda ransa yake. Na tafi tare da shi. Ana sarewa ne ƙasa-ƙasa, daidai da doron ƙasa. Sai a tone kewayen kututturen a bi saiwoyin gefe a datse su ɗaya bayan ɗaya, domin kowace in an bar ta za ta fito da sabon tsiro can nesa da gindi. Sannan a tara karan dawa da busasshen kashin shanu a kai, a sa wuta. Ba wuta mai harshe ake so ba, sai wadda za ta ci a hankali ta nutsa har uwar saiwa. Ya bi duk abin da na faɗa, bai tsallake ko ɗaya ba. Mutanen ƙauyen da suka zo wucewa sukan yi sallama daga nesa su wuce, ba wanda ya tsaya. Matarsa ta zo ta kwashe rassan, ta ce ko ba komai sun sami makamashi.

Bai sami wata gonar ba. A lokacin ƙasa ta yi daraja, kuma bayan abin da ya faru ba wanda yake son ba da aro a yankin. Wasu ma da ke da masu aro a gonakinsu sun karɓe abinsu tun kafin a kai ga haka. Ya kai iyalinsa gidan surukai, ya tafi Kano yana tura kurar ruwa. Labarin da na samu na ƙarshe, yana can.

Da damina ta faɗi na koma gonar na duba, kamar yadda aikina ya tanada. Na bi ramukan tun daga wannan kusurwa har waccan, ina tona toka da ƙafa. Ko ɗaya bai tofo ba.